Daga Lassa Zuwa Legas: Zumuncin Masana a Yaƙi da Annoba

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu sauraro, ga shirinmu na faɗakarwa kan kiwon lafiya. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Oko-Oba da Zangon Agege, mahauta da dillalan shanu, 'yan goro da 'yan tireda, da iyayenmu mata da ke cikin gida suna aiki rediyo na gefe. Shirin yau labari ne na wasu likitoci da masana, waɗanda amanar da ke tsakaninsu ta zama sanadin gano wata cuta da har gobe take ɗaukar rayuka a Najeriya, ta kuma taimaka aka tare wata annobar a nan Legas. A cikin labarin akwai mutanen Sifaniya, ƙasar da samarinmu suka fi sani ta wajen ƙwallon ƙafa, alhali tana da abin koyi babba a fagen binciken lafiya.

A watan Janairun 1969, ƙasa na cikin yaƙin basasa, wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka mai suna Laura Wine ta kwanta ciwo a asibitin mishan na garin Lassa, can kudancin jihar Borno ta yanzu. Da ciwon baya abin ya fara, sai zazzaɓi, sai gyambo ya fito mata a maƙogwaro har haɗiye ruwa ya zama aiki. An ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, an yi mata allurai, jiki sai ƙara rikicewa yake yi. Da abin ya ci tura, aka sa ta a ƙaramin jirgin sama zuwa asibitin mishan na Jos. Kwana ɗaya ta yi a can ta cika.

Wadda ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ta naɗe auduga a yatsa ta goge mata baki, alhali akwai ɗan yanka a yatsan wanda ta samu wajen tsinkar fure. Ba a yi mako biyu ba ita ma ta kwanta, a tsakiyar Fabrairu ta rasu. Likitar asibitin, Dakta Jeanette Troup, ta tsaya kai da fata sai ta san abin da ke kashe mata ma'aikata. Ta binciki gawar, babbar ma'aikaciyar jinya Lily Pinneo, wadda aka fi sani da Penny, tana taya ta. Bayan mako guda sai ga Pinneo da zazzaɓi.

Wannan karon ba a tsaya jira ba. Aka kawo ta nan Legas, ta yi kwanaki a ɗakin killace masu cuta, sannan a farkon Maris aka ɗora ta a jirgin fasinja zuwa New York, an kewaye ta da labule. Samfurin jininta da na abokan aikinta biyu da suka rasu shi ma aka aika da shi cikin ƙanƙara. Ta yi wajen mako tara a asibiti tana fama, Allah ya sa da sauran kwananta a gaba.

Wanda ya tarbe ta shi ne Dakta John Frame, likitan da ke kula da lafiyar ma'aikatan mishan ɗin daga New York. Tun kafin wannan rana Frame ya daɗe yana damuwa da wasu irin zazzaɓi da ke kama ma'aikatansa a Afirka ba a gane kansu ba, har ya ƙulla hulɗa da Dakta Wilbur Downs, shugaban wani sashe na Jami'ar Yale mai binciken ƙwayoyin cuta, yana aika jini ana duba masa. Saboda haka da samfurin Jos ya iso, ba a ɓata lokaci wajen neman mai karɓa ba. An riga an san juna.

A Yale, aikin ya faɗo hannun mutum biyu. Dakta Sonja Buckley, haifaffiyar Suwizalan, ita ce ta raya ƙwayar a cikin kwalaben gwaji har ta ga tana lalata ƙwayoyin halittar da aka zuba ta a kansu. Na biyun shi ne Dakta Jordi Casals, mutumin Sifaniya. An haife shi a 1911 a ƙauyen Viladrau na yankin Kataloniya, ya gama karatun likita a Barcelona a 1934, ya tafi Amurka a 1936, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke a ƙasarsu. Ya shafe shekaru a cibiyoyin Rockefeller yana kan aiki guda, wato rarrabe ƙwayoyin bairos dangi-dangi. Ga yadda dabarar take: duk wanda ya warke daga wata cuta, jininsa na riƙe da garkuwar da ke gane wannan ƙwayar da danginta na kusa kawai. In aka haɗa baƙuwar ƙwaya da irin wannan jini aka ga ya kama ta, to an san gidansu. Masu bincike daga Burazil da Indiya da Ibadan sukan aiko masa duk baƙuwar ƙwayar da suka samu, kamar yadda ɗan goro a Agege ke ɗora huhu a mota ya aika wa amininsa a Kano, don ya san ba za a ci amanarsa ba, kuma abin da aka gani shi za a faɗa masa. Casals ya gwada ƙwayar Jos da abin da ke cikin ma'ajiyarsa, ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta dace. Sabuwa ce fil. Aka raɗa mata sunan garin da aka fara ganinta.

A watan Yunin shekarar, Casals da kansa ya kamu. Aka kwantar da shi a asibitin da Pinneo ta kwanta, jikinsa na ta ja baya, ga shi babu magani. Abu ɗaya ya rage wa likitocinsa, su ɗebi ruwan jinin wanda ya warke su ƙara masa, ko garkuwar wancan jikin za ta agaji nasa. A lokacin, mutum ɗaya tak aka sani ta tsira daga cutar, ita ce Penny Pinneo, wadda ke gida a birnin Rochester tana murmurewa, ko ƙarfinta bai gama dawowa ba. Da aka kira ta, ta hau jirgi ta zo ta miƙa hannu. Aka tace jinin aka ƙara wa Casals, ba a jima ba zazzaɓin ya sauka. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ba kullum wannan dabara ke aiki ba, amma Casals ya tashi, ya koma bakin aikinsa, ya rayu har 2004.

Ba kowa ya yi wannan sa'ar ba. A ƙarshen shekarar wani ma'aikacin ɗakin gwaji na Yale, Juan Roman, ya kamu ya rasu, abin da ya sa jami'ar ta daina aiki da rayayyiyar ƙwayar, aka mayar da aikin cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka da ke Atlanta. A farkon 1970 cutar ta sake ɓulla a Jos, a asibitin Evangel da mutanen garin ke kira Jankwano. Ta kama mutum 28, 13 suka riga mu gidan gaskiya. Dakta Troup ta sake shiga binciken gawa, wuƙa ta yanke ta a yatsa, ta rasu a watan Fabrairu. Pinneo ta taso daga Amurka da ruwan jininta don ceton likitarta, amma ajali ya riga ta isa. Ba ta juya ba. Ta shiga ayarin masu bin diddigin annobar tare da masanan Jami'ar Ibadan, kuma rahoton da aka buga a 1972 yana ɗauke da sunanta da na Casals a jere guda. A annobar da aka yi a Saliyo a wannan shekarar ne kuma aka kamo ɓerayen da suka tona asirin mai dakon cutar, wani ɓera mai yawan nonuwa da ke shiga gidaje da rumbuna, yana zubar da ƙwayar ta fitsari da kashi.

(Kiɗa)

Casals ba shi kaɗai ba ne ɗan Sifaniya da ya ƙare aikinsa a ƙasar wasu. Yaƙin 1936 zuwa 1939, da mulkin Janar Franco da ya biyo baya, sun tarwatsa masanan ƙasar. Wasu suka nufi Meziko, wasu Ajantina, wasu Amurka. Ƙasar da ta haifi Santiago Ramón y Cajal, wanda ya ci lambar Nobel a 1906 kan binciken ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ta wayi gari ɗakunan bincikenta sun zama kufai. Wanda ya fi kowa tasiri wajen farfaɗo da su yana zaune ne a New York, sunansa Severo Ochoa.

An haifi Ochoa a 1905 a garin Luarca na bakin teku. Ya bar gida a 1936 tare da matarsa Carmen, ya yi Jamus, ya yi Ingila, ya ƙarasa Amurka, inda ya fara sauka a ɗakin binciken wasu mata da miji, Carl da Gerty Cori, a birnin St. Louis, kafin ya koma Jami'ar New York a 1942. A 1959 ya ci lambar Nobel tare da Arthur Kornberg, wanda ya taɓa koyon aiki a ƙarƙashinsa. Ya karɓi takardar zama ɗan Amurka, amma bai ɗauke ƙafa daga gida ba. A Madrid akwai Alberto Sols, wanda shi ma ya yi shekara uku a wajen Cori, ya komo a 1954 ya tarar kayan aiki ƙalilan, kuɗi kuma sai a hankali. Abota ta ƙullu tsakaninsu, ɗaya a waje yana da suna, ɗaya a gida yana da ɗalibai. A 1961 aka tara masu binciken sinadaran jiki na ƙasar a birnin Santander, Ochoa na jagorantar zaman. Bayan shekara biyu aka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, Sols ya zama shugabanta na farko.

A lokacin hutun 1958, Ochoa ya je cin abinci gidan wani likita a garin Gijón, abokinsa tun suna ɗalibai, kuma ɗan uwa ta wajen aure. 'Yar gidan, Margarita Salas, tana karatun ilimin sinadarai a jami'a. Kashegari ta bi su birnin Oviedo ta saurari laccarsa, da ya koma New York ya aiko mata da littafi. Shi ya ba ta shawara ta yi digirin digirgir a wajen Sols, ya kuma rubuta mata takarda, a zamanin da malaman jami'a ba sa ɗaukar mace a bakin komai a ɗakin bincike. A 1964 ita da mijinta Eladio Viñuela suka tafi wajensa a New York. Suna isa ya raba su, kowa da rukunin aikinsa, kowa ya tsaya da ƙafarsa. A can ta taimaka wajen gano ta wane gefe jiki ke fara karanta saƙon gado da ke cikin ƙwayar halitta.

A 1967 suka dawo Madrid da tallafin wata gidauniyar Amurka, suka duƙufa kan wata 'yar ƙaramar bairos mai suna phi29, wadda ba ta kama mutum, bakteriya take kamawa. Wani sai ya ga kamar ɓata lokaci ne. Amma a cikinta Salas da ɗalibinta Luis Blanco suka gano wani sinadari mai kwafar DNA, wanda ke ɗaukar ɗan mitsitsin samfuri ya yi ta ninka shi har ya isa a yi gwaji da shi. Yau ana amfani da shi a binciken cutar daji da binciken masu laifi, kuma rajistar mallakarsa ta fi kowace kawo wa hukumar binciken kimiyya ta Sifaniya kuɗi. A 1975 aka buɗe cibiyar binciken ƙwayoyin halitta a Madrid, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Ochoa, a 1985 kuma shi kansa ya tattara ya dawo gida. Cikin ɗaliban Salas akwai María Blasco, wadda ta shugabanci cibiyar binciken cutar daji ta ƙasa, da Cristina Garmendia, wadda ta riƙe muƙamin ministar kimiyya.

Mai sauraro na iya cewa, ai wannan shi ne "wa ka sani" da muke kuka da shi kullum. Akwai bambanci. Takardar Ochoa ta buɗe wa Salas ƙofa, amma ba ta yi mata gwaji ko ɗaya ba. Duk abin da ta gano dole ta buga shi a fili, masanan da ba su san ta ba, har da masu jayayya da ita, su maimaita su gani da idonsu. Sannan abotar ba ta tsaya kan 'ya'yan abokai ba. An mayar da ita ƙungiya, da cibiya, da guraben horo da ɗan kowa zai iya nema. Dubban ɗaliban da suka bi ta wannan hanya daga baya, yawancinsu ba su taɓa gaisawa da Ochoa ko Sols ba.

(Kiɗa)

Najeriya ma tana da nata irin wannan labarin, kuma zazzaɓin Lassa ne ya sake haɗa masu shi. Christian Happi ɗan Kamaru ne, haifaffen garin Sangmélima. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Ibadan kan zazzaɓin cizon sauro, ya wuce Jami'ar Harvard a 2000. A can ya haɗu da Pardis Sabeti, wadda aka haifa a Tehran a 1975, iyayenta suka yi ƙaura da ita Amurka tana 'yar ƙarama. Ita gwanar lissafin ƙwayoyin gado ce. Da take nazarin bayanan gadon wasu Yarabawan Ibadan, sai ta ga alamar cewa wani ɓangare na halittarsu ya sauya a tsawon zamani, kuma ɓangaren yana da alaƙa da ƙofar da ƙwayar Lassa ke bi ta shiga jiki. Lissafin kwamfuta kaɗai ba zai warware wannan ba, sai an je inda majinyata suke. Happi kuwa ya san ƙasar, ya san likitocinta.

Suka nufi asibitin koyarwa na Irrua a jihar Edo, inda cutar ta daɗe tana ɓarna, likitoci irin su George Akpede da Danny Asogun na fama da ita. A da, sai an aika jini nesa kafin a tabbatar da cutar, sau da yawa sakamako kan dawo ne bayan mai abin ya warke ko ya tafi. Daga 2008, da haɗin gwiwar cibiyar Bernhard Nocht ta birnin Hamburg a Jamus da ayarin Harvard, aka fara yin gwajin a Irrua, kuma 'yan ƙasa ke yi da hannunsu. Happi ya baro Harvard ya dawo Jami'ar Redeemer's, wadda shugabanta na farko shi ne Farfesa Oyewale Tomori, likitan dabbobin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yaye a 1971, wanda shi ma ya yi aiki kan Lassa a Ibadan. A nan ne, da goyon bayan Sabeti da kuɗin Bankin Duniya, aka kafa cibiyar ACEGID mai karanta ƙwayoyin gadon cututtuka. A 2015 binciken haɗin gwiwarsu ya nuna ƙwayar Lassa ta fi shekara dubu a ƙasar da ake kira Najeriya yau, daga nan ta bazu yamma. Ashe tun kaka da kakanni take cikinmu, a 1969 gane ta kawai aka yi.

Ranar 20 ga Yulin 2014 wannan tanadi ya yi rana. Wani ɗan Laberiya mai takardar zama ɗan Amurka, Patrick Sawyer, ya sauka a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja, maƙwabcin Agege, ya yanke jiki ya faɗi. Aka kai shi asibiti a Obalende. Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta yi zargin Ebola ce, ta hana a sallame shi duk da matsin lambar da ta sha. Amma zargi ba hujja ba ne, sai an gwada. Ɗakin gwajin Farfesa Sunday Omilabu a asibitin koyarwa na Idi-Araba, wanda ya daɗe yana aikin Lassa da masanan Hamburg, da ɗakin gwajin Happi, su suka tabbatar cikin 'yan kwanaki, da na'urori da ƙwarewar da aka tara saboda Lassa. Aka kafa cibiyar gaggawa ƙarƙashin Dakta Faisal Shuaib, wanda ya yi karatun likita a Zariya, ya zo da dabarun da aka goge da su a yaƙi da shan inna. Ma'aikata suka bi sawun kusan mutum 900 gida-gida, kowanne ana duba shi har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da Dakta Adadevoh, ranar 19 ga Agusta. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Najeriya ta rabu da Ebola.

A Saliyo abin ya fi muni. Abokin Happi da Sabeti, Dakta Sheik Humarr Khan, shugaban sashen Lassa na asibitin Kenema, ya koma karɓar masu Ebola dare da rana. Ayarinsa na aika samfuri ana karanta gadon ƙwayar, Sabeti kuma na sakin sakamakon a intanet nan take don kowa ya amfana, ba ta jira sai an buga da sunanta ba. Khan ya kamu, ya rasu ranar 29 ga Yuli. Da rahoton ya fito a ƙarshen Agusta, ɗauke da bayanan ƙwaya 99 daga majinyata 78, Ebola ta riga ta kashe biyar daga cikin waɗanda suka sa hannu a kansa.

Waɗanda suka rage ba su saki aikin ba. A 2018 da Lassa ta yi tashin da ba a saba gani ba, aka shiga fargabar ko ƙwayar ta rikiɗe ta fara gudu tsakanin mutane. Karatun gadonta ya nuna ba haka ba ne, yawancin masu cutar daga ɓera suka ɗauka, har ma aka ga kogin Kwara da na Binuwai sun raba dangin ƙwayar yanki-yanki. A ƙarshen Fabrairun 2020 kuma, da aka samu mai korona na farko a Legas, cikin 'yan kwanaki cibiyar Happi da cibiyar binciken lafiya ta Yaba da asibitin Idi-Araba suka karanta gadon ƙwayar, karo na farko a nahiyar Afirka.

Wannan labari kira ne ga likitocinmu da masananmu da ke Ingila da Amurka da Saudiyya. Ochoa bai jira ya dawo gida ba kafin ya amfani gida, wasiƙa ya rubuta, ɗalibai ya karɓa, taro ya halarta. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo suna da matasa masu ƙwazo da ke jiran irin wannan hannu.

(Kiɗa)

Akwai kuma wani haɗin gwiwar da Sifaniya wanda ya shafi sana'ar mutanen Oko-Oba. Masanan cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, irin su Reuben Ocholi da Wilson Bertu, sun yi aiki da Farfesa Ignacio Moriyón na Jami'ar Navarra da masanan Jami'ar Edinburgh kan cutar da ke sa shanu ɓari, wadda Fulani ke kira bakkale. An bi garkuna a gandun kiwo na Kachia da ke jihar Kaduna, an tantance irin ƙwayar da ke yawo a shanun ƙasar nan, a 2014 kuma suka fitar da nazarin da ke gargaɗin cewa cutar barazana ce mai tasowa. Tana kama mutum ta madarar da ba a tafasa ba, da taɓa mahaifa ko ɗan tayin saniya da hannu tsirara. Zazzaɓinta kan zo ya tafi, ga gumin dare, ga ciwon gaɓoɓi, shi ya sa ake ta shan maganin maleriya da taifot ba a warkewa. Mahaucin da ke feɗe saniya mai ciki, da yaron da ke wanke kayan ciki a mayanka, su suka fi shiga haɗari. Safar hannu ta roba, da dogon takalmin roba, da rufe duk wani yanka kafin a fara aiki, da wanke hannu da sabulu, suna rage shi sosai. Wanda ya je asibiti da zazzaɓin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya faɗa wa likita sana'arsa.

Ita kuwa Lassa ta fi tashi da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, musamman a jihohin Edo da Ondo da Bauchi da Taraba da Ebonyi, wasunsu kan hanyar motocin da ke kawo mana dabbobi da hatsi. Garin kwaki da shinkafa da masara a zuba su a mazubi mai murfi, a daina shanya abinci a bakin hanya, a toshe ramukan ɓera, kada a ɗauki mushensa da hannu. Cutar kan yi har kwana 21 a jiki kafin ta bayyana. Zazzaɓin da bai ji maganin maleriya ba, da ciwon maƙogwaro, da amai, ko zubar jini, alamu ne na a garzaya asibiti. Ta fi tsanani ga mai tsohon ciki, kuma takan bar wasu da kurumta bayan sun warke. Har yanzu babu allurar rigakafinta a kasuwa, kuma maganin ribavirin da ake bayarwa ya fi amfani in an fara shi da wuri. A faɗa wa ma'aikatan lafiya gaskiyar inda aka je da wanda aka yi jinya, domin a Janairun 2020 likitoci biyu sun rasu a Kano bayan sun yi wa wata mai ciki tiyata ba su san tana ɗauke da cutar ba. In wani ya rasu ana zargin ita ce, kada a yi masa wanka sai an kira jami'an lafiya sun nuna yadda za a yi suturarsa cikin mutunci ba tare da wani ya kamu ba. In kuma aka nemi samfurin jini don gwaji, a nemi bayani, a ba da haɗin kai. Lambar kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ita ce 6232.

Jama'a masu sauraro, a nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)